Shekarun Ganiyar X-Men: Yadda Mujallar da Aka Yi Watsi da Ita Ta Kai Ƙololuwa

Da fitowa ta 66, mai ɗauke da watan Maris na 1970 a bangonta, kamfanin Marvel ya dakatar da buga sababbin labarai a mujallar X-Men. Dalilin bai wuce ɗaya ba: ba ta sayuwa. Shekara ashirin da ɗaya bayan haka, a 1991, fitowar farko ta wata sabuwar mujalla mai wannan suna ta tashi da kwafi kimanin miliyan 8, adadin da ya shigar da ita kundin Guinness a matsayin fitowar labarin zane da ta fi kowace sayuwa. Amma idan aka tambayi waɗanda suka daɗe suna karanta X-Men yaushe ne mujallar ta kai ganiyarta, da wuya su ambaci 1991. Yawancinsu sukan koma baya, su nuna fitowa talatin da shida, daga ta 108 zuwa ta 143, wato daga ƙarshen 1977 zuwa farkon 1981.

Amsar da aka saba bayarwa game da dalilin hakan sunaye biyu ce: marubuci Chris Claremont da mai zane John Byrne. Gaskiya ne, sai dai amsar ba ta cika ba, domin mutanen biyu sun riga sun yi aiki tare a mujallun Iron Fist da Marvel Team-Up, kuma aikin, duk da kyansa, bai girgiza kowa ba. Abin da ya bambanta X-Men shi ne matsayin da take ciki a waɗancan shekaru. Ta daɗe a hannun marubuci ɗaya har masu karatu sun shaƙu da mutanenta, amma ba ta yi tsadar da kamfani zai hana a taɓa su ba. Duk abin da ya sami jarumi a shafinta yakan tabbata a kansa. Tarihin ganiyarta tarihin wannan ɗan tsakani ne: yadda ya buɗe, da yadda ya rufe.

Farawa da rarrafe

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiri X-Men a 1963. Lee ya sha faɗa cewa ya gaji da neman dalilin ƙarfin kowane jarumi, yau cizon gizo-gizo, gobe hasken sararin samaniya, sai ya yanke shawarar cewa waɗannan da ƙarfinsu aka haife su. Su ne masu sauyin halitta: 'yan Adam da wata baiwa ke bayyana a jikinsu idan sun fara balaga. Farfesa Charles Xavier, mai karanta zukata da ke zaune a keken guragu, ya tara biyar daga cikinsu a makarantarsa da ke gundumar Westchester ta jihar New York: Cyclops, Marvel Girl wadda sunanta Jean Grey, Beast, Angel da Iceman. Abokin gabarsu shi ne Magneto, mai sarrafa ƙarfe, wanda ke son masu sauyin halitta su mallaki duniya.

Tun farko akwai iri mai kyau a cikin labarin, wato jarumai masu kare mutanen da ke ƙinsu. A 1965 aka kawo Sentinels, manyan mutum-mutumi da aka ƙera domin farautar masu sauyin halitta. Amma irin bai samu ruwa ba. Jaruman biyar duk matasa ne fararen fata 'yan Amurka, sanye da kaya iri ɗaya, kuma hankalin Lee da Kirby yana kan Fantastic Four da Thor. Ba a jima ba suka miƙa aikin ga wasu. A 1969 Roy Thomas da mai zane Neal Adams suka yi wa mujallar wani yunƙuri mai kyau, sai dai ya zo a makare. Daga fitowa ta 67 zuwa ta 93, kusan shekara biyar, tsofaffin labarai kawai ake maimaitawa.

Wannan koma baya shi ya zama jari daga bisani. Spider-Man yana da siffar da dole a kiyaye, domin ana sayar da kayan wasa da tufafi da hotonsa. X-Men kuwa ba wanda ke gadinta.

Sabuwar tawaga

A 1975 aka fitar da Giant-Size X-Men ta 1, rubutun Len Wein da zanen Dave Cockrum. Shugabannin kamfanin sun so tawaga ta 'yan ƙasashe daban-daban, da fatan samun kasuwa a ƙetare. Aka kawo Nightcrawler daga Jamus, mai shuɗiyar fata da wutsiya, wanda aka ceto daga hannun mutanen gari suna shirin hallaka shi. Colossus, manomi daga Siberiya ta Tarayyar Sobiyet, mai rikiɗa jikinsa ya zama ƙarfe. Storm, mai juya iska da ruwan sama, wadda aka tarar a Kenya ana ɗaukarta abar bauta. Wolverine daga Kanada, wanda ya fara bayyana a mujallar Hulk a 1974. Banshee daga Ailan. Sunfire daga Japan. Da Thunderbird, ɗan ƙabilar Apache. Lissafin kasuwar bai tafi daidai ba, tun da babu mai sayar da mujallun Marvel a Tarayyar Sobiyet, amma labarin ya ci riba. Waɗannan manya ne, kowa da tarihinsa da girman kansa, kuma ba su haɗu don ƙaunar juna ba.

Wein a lokacin shi ne babban editan Marvel, aiki ya yi masa yawa, sai ya miƙa rubutun ga Claremont daga fitowa ta 94. Claremont haifaffen Landan ne da ya tashi a Amurka, shekararsa ashirin da huɗu, kuma ya yi karatun wasan kwaikwayo. A wannan fitowa Sunfire ya yi fushi ya tafi, tsofaffin ɗalibai suka kama gabansu ban da Cyclops. A ta 95 Thunderbird ya mutu yana ƙoƙarin kakkaɓo jirgin abokin gaba. Wein da Cockrum ne suka tsara mutuwar, amma ita ta kafa dokar da Claremont ya riƙe: a wannan mujalla ana iya mutuwa, ana iya tafiya.

Wata biyu-biyu ake fitar da ita, kuma a ƙarshen shekarun 1970 shafukan labari ba su wuce goma sha bakwai ba, sauran duk talla ne. A cikin wannan ƙunci Claremont ya gina salonsa. Yakan buɗe wa mai karatu tunanin kowane jarumi, yakan ba su lokacin hira da wasan ƙwallo da saɓani, yakan kuma binne wani zance yau ya tono shi bayan shekara biyu. Ya ba mata muhimmancin da ba a saba gani ba. A fitowa ta 102 aka san asalin Storm: sunanta Ororo Munroe, mahaifinta baƙar fatar Amurka ne mai ɗaukar hoto, mahaifiyarta 'yar sarauta ce daga Kenya, kuma a Alƙahira ta zama marainiya lokacin yaƙin Suez, da jirgi ya faɗo a kan gidansu, ɓaraguzai suka binne ta kusa da gawar mahaifiyarta. Daga nan ta gaji tsoron rufaffen wuri, rauni da ya bi ta shekara da shekaru.

A fitowa ta 101 kuma, ta ƙarshen 1976, Jean Grey, wadda a da ita ce mafi rauni a tawagar, ta tuƙa kumbo ta ratsa wata guguwar haske mai kisa domin ta ceci 'yan uwanta. Kumbon ya faɗa ruwan Jamaica Bay a New York, ta fito da sabon suna, Phoenix, da ƙarfin da ba wanda ya san iyakarsa.

Zo mu zauna, zo mu saɓa

Domin a gane abin da zuwan Byrne ya kawo, sai an san yadda Marvel ke haɗa fitowa guda. Marubuci ba ya rubuta cikakken labari tun farko. Yakan ba da ƙashin bayan labarin a taƙaice, mai zane ya zana shafukan da fensir, yana yanke shawarar inda za a dakata, da fuskar da za a nuna, da abin da zai faru a kowane akwati. Bayan haka shafukan su koma wurin marubuci ya sa maganganu. Sai mai bi da tawada, da mai rubuta haruffa, da mai sa launi. Ke nan mai zane rabin marubuci ne, amma kalmar ƙarshe ta marubuci ce.

Byrne, haifaffen Ingila da ya tashi a Kanada, ya karɓi zane a fitowa ta 108, Terry Austin yana bi masa da tawada. Yana da sauri, abin da ya ba da damar mayar da mujallar ta wata-wata daga fitowa ta 112 a 1978. Zanensa a sarari yake: ido ba ya ɓata a shafi, faɗa yana da tsari, fuska tana faɗin abin da ke zuci. Ba a daɗe ba aka fara rubuta sunansa a matsayin abokin tsara labari.

Ra'ayinsu ya sha bamban. Byrne masoyin tsohuwar tawagar 1963 ne, yana son labari mai gudu da mugu wanda muguntarsa ba ta da kwana-kwana. Claremont yana son tsayawa a cikin zukata. Cockrum ya fi ƙaunar Nightcrawler, wanda shi ya ƙirƙira, har an yi tunanin ajiye Wolverine gefe. Byrne ya tsaya kai da fata cewa ba za a kori ɗan Kanada guda da ke tawagar ba, ya dinga jawo shi gaba har ya zama tauraro. Kowannensu ya zama birki ga ɗan uwansa. Byrne ya hana labari nutsewa cikin dogon tunani, Claremont ya hana shi zama faɗa zalla.

Ana ganin amfanin hakan a doguwar tafiyar 1978 zuwa 1979. Bayan karawa da Magneto a ƙarƙashin wani dutse mai aman wuta a Antatika, tawagar ta rabu biyu, kowane ɓangare yana zaton ɗayan ya mutu. Cyclops da sauran suka bi ta dajin Savage Land, da Japan, da Kanada kafin su isa gida. A ido, yawon buɗe ido ne mai cike da faɗa. A ƙarƙashi kuwa an raba Jean da masoyinta Cyclops na tsawon watanni, ta tafi Scotland cikin makoki, kuma a wannan kaɗaici wani mutum mai suna Jason Wyngarde ya fara kusantarta. Mai karatu ya shekara yana kallon tarko ana ɗana shi.

Mutuwar Jean Grey

Labarin da aka sani da Dark Phoenix Saga ya gudana daga fitowa ta 129 zuwa ta 137, duk a 1980. Wyngarde, mai iya sa mutum ganin abin da babu, yana yi wa ƙungiyar Hellfire Club aiki, wata ƙungiyar attajirai a New York masu sa tufafin ƙarni na 18. Ya sa Jean ta gaskata cewa tana rayuwar wata kakarta ta wancan zamani, ya buɗe mata ƙofar duk sha'awar iko da take dannewa. Ta kuɓuta daga hannunsa, amma katangun da ta gina a zuciyarta don tsare ƙarfin Phoenix sun riga sun rushe. A fitowa ta 135 ta tashi zuwa sararin samaniya, yunwa ta kama ta, ta cinye wani tauraro. Duniyar da ke kewaya tauraron akwai halittu a cikinta, al'ummar D'Bari, rayuka biliyan biyar. Duk suka hallaka a 'yan akwatunan zane.

Xavier ya samu ya sake ɗaure ƙarfin, Jean ta dawo hayyacinta. Sai daular Shi'ar ta sararin samaniya ta zo neman hukunci, aka shirya karawa a duniyar wata tsakanin X-Men da dakarun daular, a kan ran Jean. A ƙarshen da Claremont da Byrne suka tsara, har an zana shi, X-Men za su sha kaye, a cire wa Jean ƙarfinta, ta koma gida tare da Cyclops. Babban edita Jim Shooter ya ga shafukan ya ƙi amincewa. Hujjarsa ita ce wadda ta kashe biliyan biyar ba za a sallame ta haka kawai ba. Aka yi ta ja-in-ja ga lokacin bugu ya ƙarato, daga ƙarshe aka sake zana shafukan ƙarshe. A fitowa ta 137 Jean ta ji ƙarfin yana sake kuɓuce mata, ta san ba za ta iya riƙe shi har abada ba, ta zaɓi mutuwa a gaban Cyclops tana cikin hankalinta. An buga ainihin ƙarshen farko a 1984 da sunan Phoenix: The Untold Story, kuma duk wanda ya gwada biyun zai ga cewa wani hanin baiwa ne.

Ba wannan ce mutuwa ta farko a mujallun Marvel ba. Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, ta mutu a 1973. Amma Jean jaruma ce da ke cikin tawagar tun fitowa ta 1, kuma ita ce mai laifin, ita ce wadda aka zalunta, ita ce mai yanke hukunci. Nauyin abin ya fito ne daga shekara huɗu da aka yi ana gina shi tun fitowa ta 101, a hannun marubuci ɗaya. An kuma bar sakamakon ya yi aikinsa: a ta 138 aka yi jana'iza, Cyclops ya bar tawagar, shugabanci ya koma hannun Storm. Mace baƙar fata tana jagorantar tawagar jarumai a 1980 abu ne da ba a saba gani ba. Abin lura a nan shi ne alkiblar katsalandan na edita. A 1980 ya sa baki ne domin aiki ya samu sakamako.

Gobe da ta lalace

Wata huɗu bayan haka aka fitar da Days of Future Past, a fitowa ta 141 da ta 142. Labarin ya buɗe a shekarar 2013, wadda a lokacin take can gaba. Sentinels sun mallaki Amurka ta Arewa, an kashe mafi yawan jarumai, sauran suna sansanin tsare mutane da harafin M a tufafinsu, hanyar shiga sansanin kuma ta ratsa maƙabartar abokansu. Waɗanda suka rage suka aika hankalin Kate Pryde baya, ya shiga jikinta na ƙuruciya a 1980, domin ta hana kisan Sanata Robert Kelly, ɗan siyasar da ke kamfe a kan haɗarin masu sauyin halitta. Kisan nasa, a hannun wasu masu sauyin halitta ƙarƙashin Mystique, shi ne ya kunna wutar tsoron da ta haifi wancan zamani.

A nan irin da aka shuka a 1965 ya yi 'ya'ya. Jaruman sun sa ransu a haɗari domin ceton mutumin da ke ƙinsu, sun kuma cece shi, amma labarin bai ba da tabbacin an kauce wa bala'in ba. A shafin ƙarshe gwamnati tana shirin ƙera sababbin Sentinels a asirce. Duk wannan a fitowa biyu aka yi shi, kowace senti 50.

Kitty Pryde, yarinya Bayahudiya mai shekara goma sha uku daga wajen birnin Chicago, mai iya ratsa bango, ta shigo ne a fitowa ta 129, kuma ta dawo wa mujallar da idon ɗaliba. Ita ce tauraruwar ta 143, inda wani dodo ya yi ta farautarta a cikin makarantar a daren Kirsimeti tana ita kaɗai. Wannan ce fitowar Byrne ta ƙarshe. Ya sha ba da labarin wani shafi a ta 140 da ya zana Colossus yana tumɓuke kututturen itace cikin sauƙi, sai ya tarar an sa masa kalmomin wanda ke shan wuya. Ƙaramin abu ne, amma ya nuna masa cewa muddin wani ne ke sa kalmomi, labarin ba nasa ba ne. Ya koma Fantastic Four a 1981, inda ya haɗa rubutu da zane. Saɓanin da ya ƙawata aikin shi ya raba su.

Hujjar masu cewa ganiyar ta wuce nan

Akwai masu karatu da ke ganin mafi kyawun X-Men ya zo ne bayan Byrne, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Magneto na shekarun 1960 azzalumi ne kawai mai son mulki. Kwatanta shi da Malcolm X, a kwatanta Xavier da Martin Luther King, fassara ce da aka yi daga baya, kuma tsofaffin shafukan ba su ɗauke ta ba. Sai da Byrne ya tafi Claremont ya samu sarari. A fitowa ta 150, a 1981, aka bayyana cewa Magneto ya tsira ne daga sansanin Auschwitz, inda danginsa suka ƙare, don haka tsoronsa na abin da mutane za su yi wa masu sauyin halitta ba zato ba ne, abin da ya taɓa gani ne. A 1982 littafin God Loves, Man Kills, zanen Brent Anderson, ya sa X-Men da Magneto a sahu ɗaya suna fuskantar William Stryker, mai wa'azin talabijin da ke kiran a shafe su. A fitowa ta 200 Magneto ya gurfana gaban kotu a Paris, ya ƙare yana riƙe da makarantar Xavier.

Haka Storm. A zamanin mai zane Paul Smith, 1982 zuwa 1983, macen da ta yi alkawarin ba za ta kashe rai ba ta soki Callisto da wuƙa a karawar neman shugabancin Morlocks, masu sauyin halitta da munin siffa ya kora ƙarƙashin ƙasa. Ta aske gefen kanta, ta canza tufafi, abokanta suka kasa gane ta. A 1984 ta rasa ƙarfinta, ta yi shekara uku babu shi, kuma a fitowa ta 201 ta doke Cyclops da hannu da dabara ta riƙe shugabanci.

Idan ana maganar ƙulli da saurin labari da haɗuwar zane da rubutu, shekarun Byrne ba su da na biyu. Idan ana maganar zurfin ma'ana, 1981 zuwa 1985 sun fi. Amma doka ɗaya ce ke aiki a duka biyun: mutum yakan canza, kuma ba a mayar da shi yadda yake. Wanda ya ce ganiyar ta kai har fitowa ta 201 bai kauce hanya ba. Ya faɗaɗa tsakanin ne kawai zuwa inda ya rufe.

Lokacin da nasara ta zama takunkumi

A waɗannan shekaru kasuwar kanta tana sauyawa. A da a teburan jaridu ake sayar da mujallu, abin da bai sayu ba a mayar wa kamfani. Daga shekarun 1970 shagunan da suka keɓanta da labaran zane suka yawaita, masu saye ba mayarwa, kuma abokan cinikinsu masu bin labari ne wata bayan wata. Salon Claremont na dogon zare ya dace da su ƙwarai. X-Men ta hau kan gaba a ciniki, ta zama saniyar tatsar Marvel. Aka fara yi mata rassa: gajeren jerin Wolverine tare da Frank Miller a 1982, sai New Mutants.

A 1986 kamfanin ya so mujallar da za ta haɗa ɗaliban 1963 su biyar, mai suna X-Factor, don haka ana bukatar Jean Grey. Aka samo mafita: wadda ta mutu a duniyar wata ba Jean ba ce, wata halitta ce da ta kwaikwayi siffarta, ita kuwa Jean tana kwance cikin wani ƙunshi a ƙasan Jamaica Bay tun 1976. Byrne ne ya zana fitowar Fantastic Four ta 286 da ta bayyana hakan, kuma Shooter, wanda ya dage a kan mutuwar, shi ne babban edita har lokacin. Mafitar ta wanke Jean daga jinin biliyan biyar, ta kuma zare wa fitowa ta 137 ma'anarta. Cyclops, wanda Claremont ya riga ya aurar da shi ga Madelyne Pryor ya sallame shi da jariri, aka sa ya bar iyalinsa ya koma. Wannan karon katsalandan ya zo ne domin a goge sakamako.

Claremont ya ƙara shekara biyar, kuma ya yi abubuwa masu kyau, ciki har da tsibirin Genosha na 1988, ƙasar da arzikinta ya ginu a kan bautar da masu sauyin halitta, wadda ba a bukatar dogon bayani kafin a ga Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata a cikinta. Amma daga Mutant Massacre na 1986, kusan kowace shekara sai an yi wani babban labari da ya ratsa mujallu da yawa, wanda dole a sayi duka kafin a gane. A 1989 attajiri Ronald Perelman ya sayi Marvel, a 1991 aka sa hannayen jarinsa a kasuwa. Sabon tauraron zane, Jim Lee, yana son a koma siffar da ya taso yana karantawa: makaranta, Xavier, Magneto a matsayin abokin gaba. Edita Bob Harras ya goyi bayansa. Claremont ya rubuta fitowa uku na farkon sabuwar X-Men ya ajiye alƙalami, bayan shekara goma sha shida. Kwafi miliyan 8 ɗin nan an buga su da bango iri biyar, kuma da yawa masu ajiya ne suka saya da fatan za su yi tsada. Lee kansa ya bar Marvel a 1992 ya shiga kafa kamfanin Image. Kasuwar ta rushe, a Disamba 1996 Marvel ya nemi kariyar kotu saboda bashi.

Ba X-Men kaɗai ta bi wannan tafarki ba. A kamfanin DC an dakatar da Teen Titans a 1978, Marv Wolfman da George Pérez suka farfaɗo da ita a 1980 ba tare da ana sa ran komai ba, ta kai ƙololuwa a 1984 da labarin The Judas Contract, inda wata 'yar tawaga, Terra, ta ci amanarsu ta kuma mutu. Nan ma mujallar da aka raina ce, hannu ɗaya ya riƙe ta shekaru, aka bar shi ya yi asarar da ba a mayarwa.

Masu shirya fina-finai sun san inda rijiyar take. X2 na 2003 daga God Loves, Man Kills aka ɗebo shi. Labarin Dark Phoenix an yi shi sau biyu, a 2006 da 2019. Days of Future Past ya zama fim a 2014, shekara guda bayan shekarar da ya yi hasashe. Duk waɗannan labarai an buga su ne tsakanin 1980 da 1982, a lokacin da wanda ya biya kuɗinsa ya buɗe mujallar bai san ko jarumin da yake ƙauna zai kai shafin ƙarshe ba.